Yadda Ake Gano Dalilin Taurin Birkin Mota da Gyara Shi

Birkin da ya yi laushi har ƙafa ta kai ƙasa, galibi iska ce ta shiga layin mai, ko kuma man birki ne ke yoyo. Wanda ya yi tauri kuwa ciwonsa daban: direba zai taka kamar ya taka dutse, mota na ci gaba da tafiya. Sau da yawa laifin na busta ne ko na abin da ke zuƙe mata iska, kuma ana iya ganowa kafin a kashe ko kwabo.

Busta ita ce baƙar tukunyar nan da ke bayan masta (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi), a jikin ƙarfen da ya raba injin da direba. A cikinta akwai faffaɗar roba da ta raba ta gida biyu. Muddin injin yana aiki, yana zuƙe iskar cikinta ta wani tiyo. Da an taka birki sai iskar waje ta shiga ɗakin baya ta tura robar gaba, ƙarfin ƙafa ya ninku. Shi ya sa kashe injin a gangara don tsimin fetur ganganci ne. A gangara irin ta Hawan Kibo da ke hanyar Jos, taku biyu ko uku ne zuƙar da ta rage za ta ƙare, birki ya sandare.

Mataki na 1: Gwajin ƙafa

A ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu, a kashe injin. Direba ya taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ya bar ƙafarsa a kai, sannan ya tayar da injin. Idan birkin ya ɗan nutse ƙasa, busta tana aiki. Idan bai motsa ba, ko dai zuƙa ba ta isowa gare ta, ko ita kanta ta mutu.

Sai gwaji na biyu. A bar injin ya yi minti biyu, a taka birki, a kashe injin ƙafa na kai, a riƙe daƙiƙa 30. Idan birkin ya fara turo ƙafa sama, iska na shiga ta inda bai kamata ba.

Mataki na 2: Tiyo

A buɗe bonet a bi tiyon da ya taso daga manifol, inda injin ke shaƙar iska, zuwa busta. Zafin injin yana busar da roba ta tsattsage, musamman a bakinta. A nemi tsaga, lanƙwasa ko maɗaurin da ya saki. Kunne ma yana taimakawa: huci daga ƙarƙashin sitiyari duk lokacin da aka taka birki, tare da rawar injin, alama ce robar cikin busta ta yage.

Mataki na 3: Bawul

A inda tiyo ya shiga busta, ko a tsakiyarsa, akwai ƙaramin bawul na roba mai barin iska ta wuce gefe guda kawai. A cire shi a goge, a hura. Daga ɓangaren busta iska za ta wuce, daga ɓangaren injin kuwa dole ta tsaya. Idan ta wuce ta ko'ina, ko ta ƙi wucewa sam, a sauya shi.

Mataki na 4: Ƙarfin zuƙa

Nan sai bakanike mai agogon awo. Injin fetur mai lafiya yana ba da zuƙar inci 17 zuwa 21 a tsaye. Idan ta faɗi ƙasa da 16, a binciki injin: gasket na manifol da ke yoyo ko saitin wuta da ya goce. Injin dizal, irin na Hilux da Hiace masu shan gas, ba ya samar da wannan zuƙa da kansa. Famfo ne na musamman ke yin aikin, don haka shi za a fara aunawa.

Mataki na 5: Tayoyi

Idan busta ta ci duk gwaji, sai a ɗaga mota da jak, a tokare ta, a juya kowace taya da hannu. Wadda ta ƙi juyawa, wataƙila fistin kalifarta, mai matse fad ɗin birki, ya yi tsatsa ko tiyon mai ya toshe daga ciki. Fad ɗin da ya ƙone ya yi sheƙi ma ba ya kamawa. A leƙa tankin man birki. Idan an taɓa zuba man injin ko na sitiyari a ciki, robobi za su kumbura, sai an sauya su an wanke layi gaba ɗaya. Man da ya dace yana rubuce a murfi, DOT 3 ko DOT 4, kuma kamfanoni da yawa sun ce a sauya shi duk shekara biyu.

Mataki na 6: Sauya busta

Ba a cika faci wa busta ba. Ana kwance masta, a cire fil ɗin da ya haɗa ta da abin takawa, a kwance noti huɗu na ƙarƙashin sitiyari. Mai zuwa sayen sabuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tafi da tsohuwar don a gwada. Idan an tarar da man birki a cikinta, masta ce ke yoyo, a sauya su tare, in ba haka ba sabuwar ma za ta lalace. A daidaita tsawon sandar da ke tura masta, domin idan ta yi tsawo birki zai riƙa kamawa tayoyi su yi zafi. In an kwance layin mai, a fitar da iska kafin a gwada motar a hankali a fili.

Wanda birki ya yi wa tauri yana cikin tafiya ya danna da dukan ƙarfinsa, domin har yanzu yana kamawa, ya rage giya ɗaya bayan ɗaya, ya ja birkin hannu sannu a hankali, kuma kada ya kashe injin sai ya tsaya. Daga nan a kira bakanike ya zo inda motar take.