Baƙin Salla da Kwatar Gida

Salaga gari ne a ƙasar Gana, mai tsofaffin rijiyoyi da yawa. In Babbar Salla ta zo, dangi kan taho daga Yendi da Bawku. Gida ya cika, wanka da wanke-wanke su ƙaru.

Tun kafin baƙi su iso, yara kan yashe kwata. Inna ba ta zuba kitsen rago a ciki, don in ya huce yakan daskare ya toshe ta. Ba a jefa leda ko tsumma a masai. Ruwa in ya kwanta, sauro ya samu wurin ƙwai. Sauro kuwa shi ke kawo zazzaɓi.

Tambayoyi
1. Yaya kitse ke toshe kwata?
2. Ina sauro ke yin ƙwai?