Ciyawar Bakin Shamuwa: Yadda Za Ka Gane Ta

Malamin gona, akwai wata ƙaramar baƙuwar ciyawa da ya kamata ka san kamanninta tun kafin ka ci karo da ita. Masana tsirrai na kiranta Erodium cicutarium, daga dangin Geraniaceae, Turawa kuma suka laƙaba mata bakin shamuwa. Asalinta ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne, amma ta bi irin shuka da gashin tumaki ta bazu har Ostareliya da Amurka, inda ta isa Kalifoniya tun ƙarni na 18. Yanayin sanyi take so, don haka manomin alkama da ke amfani da irin da aka shigo da shi daga waje shi ya fi cancanta ya sa ido.

Yawanci ba ta wuce shekara guda a raye. Da farko ganyenta kan shimfiɗe a ƙasa a zagaye kamar faifai, yana da gashi-gashi, a yayyanke kamar ganyen karas. Saiwarta guda ce mai nutsewa. Daga baya sai kara mai ja-ja ya taso, santimita 10 zuwa 40, ya fitar da ƙananan furanni ruwan hoda masu fallaye biyar, kowane fure faɗinsa kamar santimita 1.

Kada ka dogara da ganye ko fure kaɗai, domin ciyayi da yawa na kama da juna suna ƙanana. Ɗan da take yi shi ne shaida. Dogo ne siriri mai tsini, kamar bakin tsuntsun da aka sa mata sunansa. Idan ya bushe sai ya fashe gida biyar, ya watsa irin gefe, kowane iri da dogon wutsiya. Wutsiyar nan kan murɗe idan iska ta bushe, ta warware idan raɓa ko ruwa ya taɓa ta. Wannan murɗewa da warwarewa ke tura irin cikin ƙasa, ƙananan gashin jikinsa kuma su hana shi fitowa. Wato ciyawa ce mai shuka kanta, shi ya sa kawar da ita ke da wuya idan ta riga ta zuba iri.

Dabbobi na cin ta, gaskiya ne, amma a ganina wannan bai isa dalilin barinta a gona ba. Ka tuge ta da saiwarta kafin bakin ya bushe. In ka ga iri mai murɗaɗɗen wutsiya cikin buhun iri, kada a shuka shi. Kai samfurinsa ga jami'an killace tsirrai mafi kusa.