Darasi: Maganar Kuɗin Ƙodago Ba Tare da Faɗa Ba

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Tsanyawa, aiki yakan yi wa mai gona yawa. Gero da dawa suna jiran noman fari, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Sai a nemi 'yan ƙodago. A nan gonaki kusa-kusa suke, mutane kuma 'yan'uwan juna ne. Ɗan ƙodagonka yana iya zama ɗan maƙwabcinka ko ƙanen matarka. Shi ya sa maganar kuɗi take da nauyi a baki.

Yawancin rigimar takan samo asali ne tun kafin a sa fartanya a ƙasa. Mai gona ya ce, "Je ka fara, ba za mu ɓata ba." Ɗan ƙodago ya ji kunya ya tafi. Kowa da lissafinsa a zuci. Ranar biya sai lissafi ya sha bamban.

Saboda haka a yanke magana tun farko. Aikin wuni ne ko jinga? In na wuni ne, a faɗi lokacin tashi, azahar ko la'asar. In jinga ne, a taka gonar tare, a nuna iyakarta. Da fura ko babu? Yaushe za a biya? A yi a gaban mutum ɗaya ko biyu. Wanda ya iya rubutu, boko ko ajami, ya rubuta a takarda. Wannan ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

To, in an riga an yi aikin bai yi kyau ba fa? Ga ciyawa an binne ta ba a cire ba, ko an sassare wake a tsakanin kunya. Kada mai gona ya yi magana a gaban sauran ma'aikata, ko a bakin masallaci. Ya ja mutumin gefe, su gaisa, sannan ya kai shi wurin ya gani da idonsa. Ya ce, "Malam, dubi kunyoyin nan guda biyar, ciyawar tana nan. Yaya za mu yi?" Kada ya ce masa rago, kada ya ambaci gidansu. Magana zarar bunu ce. Ciyawa tana gyaruwa da safe ɗaya, gori kuwa yakan shekara. Kuma ya saurara. Wataƙila ƙasar ta bushe, ko mutumin da zazzaɓi ya yi aikin.

Ɗan ƙodagon da aka riƙe wa kuɗi shi ma yana da hanya. Kada ya kai ƙorafi majalisa ko wurin mai shayi. Ya je gida ya yi sallama, ya ce, "Baba, na zo ne a kan kuɗin maimai da muka yi ranar Talata. Wace rana zan dawo?" Rana ake nema, ba "sai an kwana biyu" ba. Mai gonar da ba shi da kuɗi ya faɗi gaskiya, ya fi ya sa yaro ya ce ba ya nan. Yana iya ba da rabi, ko hatsi a kan farashin kasuwa in an yarda.

Neman ƙari ma haka. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kayan masarufi sun yi tsada, kuɗin da aka saba biya ya daina isa. Ɗan ƙodago yana da dalilin neman ƙari, amma kafin aiki. Ajiye fartanya a tsakiyar gona don a matsa wa mai ita ba daidai ba ne.

In magana ta ƙi ƙarewa, a nemi dattijon da duka biyun suke jin nauyinsa. In ta gagara, sai mai unguwa, daga nan dagaci. Zuwa kotu a kan kuɗin wuni biyu yakan ci fiye da kuɗin.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin aikin wuni da jinga?
2. Me ya sa ake jan mutum gefe kafin a yi masa gyara?
3. Rubuta yarjejeniyar jinga a layi uku: sunaye, gona, kuɗi da ranar biya.