Darasi: Daren wutar Sifaniya da daren cika-cikinmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Iyayenmu da 'yan'uwanmu mazauna Jidda, duk ƙarshen watan Yuni 'ya'yanmu masu neman abinci a Sifaniya sukan turo hotuna ta waya: wuta na ci a bakin teku, jama'a na tsallake ta. Iyaye kuwa hankalinsu yakan tashi, suna tambaya ko yaro ya fara bin matsafa ne. Kafin mu yanke hukunci, bari mu san abin tukuna.

Ana yin bikin ne a daren 23 ga Yuni, jajibirin ranar da Kiristoci suka ɗauka ita ce ranar haihuwar Annabi Yahaya (AS), wanda suke kira San Juan. Lokacin ne rana ta fi tsawo a ƙasarsu, dare ya fi gajarta. A birnin Alikante, tun 1928 ake gina manyan mutum-mutumi na katako da kwali, a ƙone su a daren 24. A Basalona ana wasan tartsatsin wuta, a ci wata gurasa mai zaƙi da suke kira koka. A yankin Galisiya ana gasa kifi a raba, a jiƙa ganyaye su kwana a waje, da safe a wanke fuska da ruwan. Wasu kan rubuta burinsu a takarda su jefa cikin wuta, wasu su faɗa teku da tsakar dare, wai don wanke rashin sa'ar shekara.

Musulmi sun daɗe da sanin wannan dare. A zamanin Andalus ana kiransa Ansara, kuma har Musulmi sukan shiga ciki. Malamin Malikiyya Abubakar Aɗ-Ɗurɗushi, wanda ya rasu a 1126, ya lissafa shi cikin bidi'o'in da ya yi gargaɗi a kansu.

To, kada mu yi saurin nuna yatsa, domin laifi tudu ne. Mu tuna daren cika-ciki a watan Muharram. A gida akan ajiye wani abu daga naman layya, a dafa shi da tuwo a wannan dare, kowa ya ci ya ƙoshi. Taubasai su bi juna kuɗin shara, a yi raha. Waɗanda suka tashi a zangunan arewacin Gana sun san Bugum na Dagwamba a Tamale da Yendi, inda ake fita da damin ciyawa mai ci da wuta a daren 9 ga watan. Nan Hijaz ma maƙwabtanmu sukan dafa farar gahawar lauz a farkon shekara don fatan alheri. Ga shi kuma a 2025 Ashura ta faɗo a makon farko na Yuli, tana matsowa da kamar kwana 11 duk shekara, har darensu da namu sun zama maƙwabta.

Saboda haka mudu ɗaya za mu auna su da shi.

Na farko, aƙida. Wuta ba ta ƙone musiba, ruwan teku ba ya wanke ƙaddara. Haka nan maganar da akan faɗa wa yara cewa wanda bai ƙoshi ba a daren cika-ciki zai shekara da yunwa, ba ta da tushe. Amfani da cutarwa na hannun Allah.

Na biyu, ibada. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina da ranakun wasa biyu, sai ya sanar da su Allah ya musanya masu da idi biyu mafi alheri. Abin da ya tabbata a Ashura shi ne azumin 10 ga wata, a haɗa da na 9, kuma Muslim ya ruwaito cewa yana kankare zunuban shekarar da ta wuce. Hadisin yalwata wa iyali abinci a ranar kuwa, malamai sun saɓa kan ingancinsa.

Na uku, zumunci. Ciyarwa da raha tsakanin dangi da kyautata wa maƙwabci, ko ba Musulmi ba ne, abin so ne kullum. Mu gaya wa yaranmu na Sifaniya da lallashi: su gaisa da maƙwabta, su yi masu fuska, amma kada su tsallake wuta, kada su ƙona takardar buri, su nisanci inda ake shaye-shaye. Zagi ta waya ba ya dawo da ɗa, sai ma ya sa ya daina turo hoto.

Mu kuma nan, yaran da aka haifa a Jidda da yawansu ba su san cika-ciki ba. Mu koya masu mai kyau daga ciki. A ƙara mudu a tukunyar buɗa-bakin Ashura, a kai kwano gidajen zawarawa da marayu da tsofaffinmu waɗanda zafi ya tsare a ɗaki. Mai ikon riyal biyar ko goma ya miƙa wa masu tattarawa a unguwarsa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare baƙo a duk inda yake. Amin.