DARASI: MATAR DA TA GUDO DA DARE

Karatu: Afisawa 5:25-29, Ayyukan Manzanni 22:22-29, Romawa 13:1-4

Shekarun baya wata mace daga wata tunga a bakin Tafkin Kainji ta buga ƙofata da dare, ido a kumbure, ga goyo a baya. Na yi mata addu'a, na ba ta haƙuri, da gari ya waye kuwa na sa aka mai da ita ɗakinta. Bayan wata biyu aka kai ta asibiti da karyayyen hannu. Laifina ne, na kuwa tuba. Na rubuta wannan domin kada wani ya maimaita kuskurena.

1. Duka ba horo ba ne

Manzo Bulus ya umarci miji ya ƙaunaci matarsa kamar jikin kansa. Wane ne ya taɓa karya hannunsa da gangan? Tsohuwar dokar Arewa ta 1960, sashe na 55, ta bar wa miji dama ya hori matarsa bisa al'ada muddin bai yi mata mugun rauni ba, mutane da yawa kuwa har yau da wannan tunani suke. Amma a 2015 gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana cin zarafi, wadda ake kira VAPP. Ta lissafta dukan mata ko miji, da korar mace daga gida ƙarfi da yaji, da yashe ta da 'ya'ya ba abinci, cikin laifuffuka. Jihar Kebbi ma ta yi tata, Gwamna Atiku Bagudu ya sa mata hannu a 2022.

2. Ceton rai shi ne na fari

Idan mace ta gudo, a ɓoye ta tukuna a gidan wani dattijo ko shugabar Zumuntar Mata, inda mijin ba zai fara nema ba. Sa'an nan a kai ta asibiti. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi duba wanda ke cikin hatsari. A roƙi likita ya rubuta raunukan a takarda, a ɗauki hotonsu da waya, gama rauni yana warkewa, shaida kuma ta ɓace. In fyaɗe ne, kada a wuce awa 72, domin cikin wannan lokaci ne maganin hana kamuwa da ƙanjamau yake aiki. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kyauta ake kira.

Ku da kuke zaune a gungu da tungayen Ngaski da Shanga, asibiti yana da nisa. Kowace ekklesiya ta san mai jirgi amintacce tun yanzu, ta kuma keɓe kuɗin mai daga baiko. Amma ku tuna da jirgin da ya nutse kusa da Wara a 2021. In ba jini ake zubarwa ba, gara a kwana a ƙetare da safe.

3. Kai ƙara ba zunubi ba ne

Waɗansu sukan kawo 1 Korantiyawa 6, su ce mai bi ba ya kai ɗan'uwansa gaban shari'a. A can Bulus yana zancen gardamar al'amuran yau da kullum ne, ba zub da jini ba. Sa'ad da aka ɗaure shi za a yi masa bulala a Urushalima, ai da dokar Roma ya kāre kansa. Ya kuma koyar cewa mai mulki bawan Allah ne domin hukunta mai mugunta.

Saboda haka in ta yarda, a raka ta ofishin 'yan sanda na Yelwa, ko Wara, ko Shanga, da takardar likita a hannu. Kada ta tafi ita kaɗai. Kotu tana da ikon ba da umarnin kāriya, wanda zai hana mijin ya taɓa ta ko ya razana ta. In ya karya, a kama shi. Wadda ba ta da kuɗin lauya, a nema mata taimako wurin ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, ko Hukumar Kāre Haƙƙin Ɗan Adam.

4. Sulhu yana zuwa daga baya

Muna son aure ya tsaya, lalle. Amma tuba ta gaskiya da 'ya'yanta ake gane ta, ba da hawayen kwana ɗaya ba. Dattawa su hori mijin, su lura da shi watanni. Kada a tilasta wa mace komawa tana cikin tsoro, gama in ta mutu, jininta yana wuyanmu.

Tambayoyi

1. Me ya sa Bulus bai yi shiru ba sa'ad da za a buge shi?
2. A ekklesiyarku, gidan wa mace za ta kwana in ta gudo yau da dare?
3. Wa zai raka ta asibiti, ina kuma kuɗin mota ko na jirgi zai fito?

Ubangiji ya ba mu zuciyar makiyayi mai kyau. Amin.