Ga Mai Koyon Kitso a Rimawa

'Yar'uwa, shekarun da na yi ina kitso da ƙunshi tsakanin Wurno da Goronyo sun koya mini cewa tsabta ce jari. Ki wanke mataji da tsinke bayan kowane kai, kuma kada reza ɗaya ta taɓa mutum biyu, domin ciwon hanta yana bin jini. Kada ki ja gashin goshi da ƙarfi, ko a shuku ko a kalaba. In ya zube, ba kullum yake dawowa ba. Baƙin lalle mai sinadari yana ƙona fata, ki fara gwadawa a ɗan wuri. Lokacin hunturu ki yawaita man kaɗanya. Sirrin da kika ji a bakin amarya kuwa, amana ce, ki riƙe.