Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan Kwikwiyo da Tsaftar Dare

Wani mai sauraronmu daga Jos yana tambaya: yaya zai hana ɗan kwikwiyonsa ɓata gida da dare?

To malam, kwikwiyo mai wata 2 da wuya ya riƙe fitsari har asuba. Ba shi abincin ƙarshe awa 3 kafin barci. Da ya ci ko ya farka, kai shi wuri guda kullum, in ya yi a can ka shafa kansa nan take. Ya kwana a ƙaramin keji, don kare ba ya son ɓata makwancinsa. In ya yi kuka tsakar dare, fitar da shi. In ya ɓata gida, ban da duka. Wanke inda ya ɓata tas, warin ke jawo shi. Yawanci yakan saba tsakanin wata 4 zuwa 6.